Denar ɗin azurfa na Hungari daga Matyas zuwa Ferdinand: yadda tarin ke tafiya

14 Satumba 2024

Abin da na sa a gaba shi ne in tara ƙaramar kwandalar azurfar nan da ake kira denar, guda ɗaya daga kowane sarkin Hungari, tun daga gyaran kuɗin da Sarki Matyas ya yi a 1467 har zuwa Ferdinand na farko wanda ya rasu a 1564. Sarakuna biyar ke nan: Matyas, Ulaszlo na biyu, Lajos na biyu, Janos Szapolyai da Ferdinand. A tsakanin nan ne gine-gine da zane da littattafan Italiya suka cika fadar sarki da ke Buda, wanda yanzu ɓangare ne na Budapest, musamman bayan Matyas ya auri Beatrix 'yar sarkin Naples a 1476, kuma a tsakanin nan ne ƙasar ta dare gida uku. Ina so in ga ko azurfar da kanta za ta nuna wannan hawa da gangara.

Zinariya ba tawa ba ce, aljihun ɗalibi ba zai ɗauka ba. Manyan kwandalolin azurfa ma haka. Na ware forint 20,000, wato kuɗin Hungari na yau, a wata. Yau na sayi gilashin ƙara girma mai ninki goma a kan 3,500, wani abokin karatu kuma ya ara mini kundin Huszar na 1979, littafin da ya jera kwandalolin Hungari, wanda dillalan nan duka da lambobinsa suke kiran kaya.

21 Satumba

Ta farko ta shigo hannu. Na bi shagunan tsofaffin kuɗi da ke titin Muzeum korut, daura da gidan tarihi na ƙasa a Budapest, na zauna a ɗaya aka zube mini tire guda na denar ɗin Ferdinand. Su ne mafi araha don an buga su da yawan gaske, shekara bayan shekara. Na ɗauki ta 1546 a kan 4,000.

Faɗinta milimita 15 ne, ga ta sirit kamar ɓawon albasa. A fuska ɗaya akwai garkuwa da aka raba huɗu: ratsi-ratsin tsohon gidan sarautar Arpad, gicciye mai hannu biyu, kawunan damisa na Dalmatiya, da zakin Bohemiya. A tsakiyar garkuwar akwai wata 'yar ƙarama, ita ce ke gaya maka gidan da sarkin ya fito, ta Ferdinand tana ɗauke da tambarin Ostiriya. Rubutun gefe ya ce FERDINAND D G R VNG sai shekara. A ɗaya fuskar hoton Nana Maryam ne riƙe da jariri, da PATRONA VNGARIE kewaye, sai harafin K a hagu da B a dama, alamar ma'aikatar buga kuɗi ta Kormocbanya. Garin yanzu Kremnica ake ce masa, yana cikin Slobakiya, kuma ma'aikatar da aka kafa a 1328 har gobe tana aiki.

Mai shagon ya so in ɗauki wata mai sheƙi da ta ninka wannan kuɗi. Na ƙi. Sheƙin na goge ne, an ci mata fuska da man goge ƙarfe har gashin zakin ya shafe. Tawa ta yi duhu amma kowane harafi yana karantuwa.

28 Satumba

Sikeli ya iso, mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, 6,000. Ferdinand ya ba da giram 0.53. Na buɗe littafi: sarki, shekara, haruffan ma'aikata, nauyi, faɗi, inda na saya, nawa.

6 Oktoba

Matyas ya samu, 12,000, kuma wannan ce ginshiƙin tarin gaba ɗaya.

Kafin 1467 denar ɗin Hungari ba abin da mutum zai ajiye ba ne. Kullum ana sauya masa kama, ana rage azurfar ciki, har wasu na farkon mulkin Matyas ɗin kansa ka gan su ka ce jan ƙarfe ne zalla. A 1467 sarkin da ma'ajinsa Janos Ernuszt suka tsayar da abu ɗaya: rabin kwandalar azurfa ce, rabi jan ƙarfe, nauyinta ya ɗan haura rabin giram, guda 100 su ne forint ɗaya na zinariya. Aka yi mata ƙanwa, obulus, rabin denar, da yaya, garas, denar huɗu. Aka kuma sa hoton Nana Maryam da ya zauna a kan kuɗin ƙasar har cikin ƙarni na 20. Ba don Allah kaɗai aka yi gyaran ba. Tare da shi aka sake tsarin haraji aka soke rangwamen da wasu ke ci, abin da ya sa manyan Transilbaniya suka yi bore a shekarar. Sarki mai riƙe da sojan haya na dindindin, mai sayen littattafai daga Florence, yana bukatar harajin da zai shigo da kuɗin da ba ya narkewa a hannu.

Tawa tana da hankakan gidan Hunyadi, gidan su Matyas, a tsakiyar garkuwa, da zobe a bakinsa. Sai da na karkata fitilar tebur sosai kafin zoben ya fito, ɗigo ne kawai. Denar ɗin Matyas ba su da shekara. Ana gane lokacinsu ne daga surar Nana Maryam, ko da mayafi take ko da kambi, ko akwai da'irar haske a kanta, ko a wane hannu jaririn yake, sannan daga haruffa biyun. Na farko gari ne: K Kormocbanya, N Nagybanya wato Baia Mare ta Romaniya a yau, B Buda, H Hermannstadt wato Sibiu, C Kassa. Na biyu na jami'in da ke riƙe da ma'aikatar ne a lokacin. Tawa K ce, mai kambi. Harafi na biyu guduma ba ta kama shi da kyau ba, shi ya sa aka rage mini kuɗi. Da hannu ake buga su, ɗaya bayan ɗaya, don haka samun wadda ko'ina ya fito daidai sai an tona.

Abin dariya, da takardun forint dubu-dubu na biya, kuma hoton Matyas ɗin ne a kansu. Mutanen nan har yau suna da karin maganar da ke cewa Matyas ya mutu, adalci ya tafi. Waɗanda suka biya harajinsa dai ba su ne suka fara faɗar haka da wuri ba.

Nauyi: 0.57.

13 Oktoba

Ba saye. Na ɗauki hotunan biyun da waya ta cikin gilashin. Hasken taga da safe ya fi na fitila fitar da rubutu.

19 Oktoba

Matsala ta farko. Na yi odar Ulaszlo ta 1506 daga wani mai sayarwa a intanet, 7,500 da kuɗin aike 1,500. A hoto tsaf take. Da na buɗe ambulan sai na tarar da ita cikin tsohuwar 'yar jakar leda mai laushi, irin wadda ake yi da PVC, ledar ta yi gumi ta manne mata. A tsakanin haruffan WLADISLAI akwai wani kore-kore mai danƙo, kana taɓawa da tsinken sakace yana biyo shi. Irin wannan leda in ta daɗe tana fitar da sinadarin da ke cin jan ƙarfe, kuma kwandalar da rabinta jan ƙarfe ne ba ta da mafaka. An ɗauki hoton ne ta gefen da koren bai fito ba.

Na rubuta wa mutumin, ya ce haka ya gaje ta a kundin mahaifinsa, in mayar in ina so amma kuɗin aike a kaina. Na lissafa, na ga riƙewa ta fi.

Abin da na yi: na sayi asiton tsantsa a shagon fenti, 1,200, ba irin na cire jan farce mai turare da mai ba. Na jiƙa ta a ƙaramin kofin gilashi na rufe, na buɗe taga duk da sanyi. Bayan ɗan lokaci ruwan ya ɗauki launi, na sauya, na sake sauyawa har ya daina. Ban goga ba, na dai mirgina auduga a kai a hankali. Asiton ba ya taɓa ƙarfe, danƙon kawai yake narkarwa. Koren ya tafi, amma a ƙarƙashinsa, wajen harafin W, ya bar 'yan ramuka uku da ba za su cike ba har abada.

Duk da haka tana da abin da na saye ta dominsa. Daga 1503 aka fara sa shekara a kan denar, kuma 1506 ɗin ta fito raɗau. Hankaka ya sauka daga tsakiyar garkuwa, mikiyar gidan Jagiello na Poland ta hau. Haruffan K da H ne, H ɗin na Hans Thurzo, attajirin da ya haɗa jari da gidan Fugger, manyan 'yan kasuwar Augsburg ta Jamus, suka riƙe ma'adinan jan ƙarfen Besztercebanya. Wato mai haƙo ƙarfen shi ne kuma mai buga wa sarki kuɗi. Nauyi da tsarkin azurfar dai ba su sauka daga inda Matyas ya bar su ba, duk da ana yi wa Ulaszlo kallon sarkin da komai aka kawo masa sai ya ce to.

Na sayi ƙananan ambulan na takarda marasa asid da akwatinsu, 2,800. Leda ta bar ɗakin nan.

26 Oktoba

Na je wata kasuwar tsofaffin kaya a bakin gari da sassafe. Wani dattijo da ke sayar da agogo da lambobin soja yana da gwangwanin taba cike da ƙananan kwandaloli. A ciki na ga Ferdinand mai alamar da ba K da B ba, wasu haruffa ne da ban gane ba. Ya ce 5,000, muka daidaita a 3,000. Babu rasiɗi.

A gida sikeli ya ce 0.41. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, don nauyinsu yana bambanta kuma wasu an rage musu gefe. Amma a gilashi abubuwa suka yi ta fitowa. N ɗin VNGARIE a juye take. Shekarar ba ta karantuwa, lamba ta uku ba lamba ba ce, wani ƙugiya ne kawai. Fuskar jaririn dunƙule ce. A kan gwiwar Nana Maryam, inda hannu ya fi shafa, farin ya kwaɓe ja ya leƙo.

Da daddare na kira Kawu a Kano ta bidiyo, shi da ya yi rayuwarsa a maƙerar fari.

"Kawu, barka da dare. Wata azurfa ce nake so ka duba mini."

"Ɗana, sake ta a kan siminti in ji kukanta."

"Kawu, ko rabin giram ba ta kai ba. In na sake ta ba kuka za ka ji ba, nema za mu shiga yi a ƙarƙashin gado."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce su azurfar da suka sani ta Turawa ita ce liyari mai hoton gwaggon nan, wadda suke narkarwa su yi mundaye da zobba, in ka kaɗa ta sai ta yi ta amsawa. Na ce masa ai gwaggon nan, Mariya Tereza, sarauniyar Hungari ce ita ma, yana nan a rubuce a gefen, HU BO REG, sai dai tsakaninta da waɗannan nawa shekara ɗari biyu da ɗoriya ne, kuma liyari giram 28 ce. Da na gaya masa na kirkin ma rabinsu jan ƙarfe ne, ya ce shi ba zai yi wa amarya ko ɗan kunne da wannan ba. Sannan ya sa na matso da wayar. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan wanka aka yi mata. Azurfar gaske in ta gauraya da ja, in ta sha hannu gaba ɗaya take dushewa. Wannan kuwa fata ce ta saɓule. Kada ka sa mata zarto, kada ka ɗiga mata ruwan gwaji, za ka ɓata ta a banza. Kai ta inda ake da na'ura."

2 Nuwamba

Na kai ta wurin wani mai gwajin ƙarfe da ke da na'urar haske da ke karanta abin da ke cikin ƙarfe ba tare da an kankare shi ba. Ya karɓi 5,000 ya gwada mini duka huɗun. Ta kasuwa jan ƙarfe ce, da ɗan abin da ya rage na fari a sama. Kawu ya yi gaskiya.

Ukun na kirki kuwa na'urar ta ba su azurfa fiye da rabi, wanda da farko ya ɗaure mini kai. Mutumin ya yi bayani: kafin a buga su ana dafa faifan ƙarfen da za a buga ne a ruwan gishiri da tsamin da ke taruwa a gangar inabi, ruwan ya cinye jan ƙarfen da ke sama ya bar azurfa, kwandala ta fito fara tas. Ƙasa ma in ta daɗe a ciki tana ƙara cin jan. Na'urar kuwa sama-sama take karantawa. Don haka lambar da ta bayar ta fata ce, ba ta ciki ba.

Daga nan na wuce shagon da na sayi Ferdinand na farko na nuna masa jabun. Ya duba ya ce jabu ce, amma tsohuwar jabu, ta zamanin ce ba ta jiya ba. Jabun yau zuba su ake yi a mazubi, za ka ga ƙananan ƙuraje da layin haɗi a gefe. Wannan buga ta aka yi da guduma da hatimin da wani wanda bai iya karatu ba ya sassaƙa, shi ya sa N ta juye. Bayan 1526, da sarakuna biyu, Szapolyai da Ferdinand, ke jayayya kan gadon sarauta ɗaya, manyan masu ƙasa da yawa sun buɗe maƙerun jabu a cikin ganuwoyinsu. Wanda ya fi suna shi ne Ferenc Bebek, da aka ce ya sa an sauke ƙararrawar majami'u an narkar an buga kuɗi a ganuwar Krasznahorka. Ba wanda zai ce tawa daga can ta fito, amma daga irin wannan aikin take.

Na so in jefa ta a aljihun tebur in manta. Yanzu na ba ta ambulan ɗinta, kusa da ta 1546, na rubuta "jabun zamani" a kai. A ganina tana cikin labarin daidai da sauran.

10 Nuwamba

Jarrabawa. Ban taɓa akwatin ba sai don duba ko koren Ulaszlo ya dawo. Bai dawo ba.

17 Nuwamba

Na karya ƙa'idar guda ɗaya ga kowane sarki, da gangan. Lajos na biyu sai da biyu, don a mulkinsa abin ya karye. Ta 1518 a kan 8,000, ta 1524 a kan 9,000.

Ta 1518 ƙanwar ta Ulaszlo ce sak, mikiya a tsakiya, launin toka mai haske, sunan LVDOVICVS kawai ya sauya. Shekara 51 ke nan bayan gyaran Matyas kuma kuɗin bai motsa ba. A 1521 Sarki Sulaiman na Turkiyya ya ci Belgrade, ƙofar ƙasar ta kudu, baitulmali kuma babu komai. Sai fada ta fitar da abin da ta kira moneta nova, sabon kuɗi: azurfar ciki ta koma kashi ɗaya cikin huɗu maimakon rabi, aka ce a karɓe shi daidai da tsohon. Kasuwa ba ta yarda ba. Tsohon ya ɓuya a tukwane, farashi ya tashi, aka koma ba da sababbi biyu a kan tsoho ɗaya. Masu haƙar ma'adinai na Besztercebanya, da ake biya da sabon, suka tayar da bore a 1525, a shekarar kuma aka far wa gidan Fugger a Buda. A 1525 ɗin aka dakatar da bugawa aka koma tsohon ma'auni, amma ribar da aka ci ba ta gina rundunar da za ta tare Sulaiman ba. Ranar 29 ga Agusta 1526 aka yi yaƙin Mohacs, aka gama cikin 'yan sa'o'i, Lajos yana ɗan shekara 20 ya nutse a rafin Csele wajen gudu.

Na jera biyun a kan farar takarda a bakin taga. Ba ka bukatar na'ura. Ta 1524, mai haruffan L da K, ta yi launin ƙasa-ƙasa mai ja, kuma inda ta sha hannu ta fi duhu. Girmansu ɗaya, hotonsu ɗaya, sikeli ma bai raba su da wani abin kirki ba: 0.55 da 0.51. Duk wanda aka biya lada da ta biyun a 1524 ya san an cuce shi tun kafin ya kai kasuwa.

Wani ɗan'uwa da muke salla tare ya gan su ya tambaye ni yadda nake ajiye hotunan Nana Maryam a ɗaki. Na ce masa a rufe suke cikin ambulan cikin akwati, kuma Turkawan da suka riƙe Buda daga 1541 su ma da waɗannan kuɗin aka yi ta ciniki a ƙarƙashinsu. Bai gamsu sosai ba, muka bar zancen.

24 Nuwamba

Szapolyai ya kuɓuce. Gwanjo ne a intanet, denar ta 1527 mai kyarkecin gidansu a tsakiyar garkuwa, rubutun IOHANNES a fili. Na sa iyakata a 25,000, wato kuɗin Disamba da ɗan ƙari. Har saura minti biyu ni ke gaba. Wasu biyu suka shigo suka yi ta ɗaga wa juna, ta tafi a 38,000, ban da ladan masu gwanjo da ake ɗorawa a kai. Nasa sun fi na Ferdinand wuya nesa ba kusa ba. An naɗa Szapolyai sarki a Nuwamba 1526, Ferdinand ya kore shi daga Buda a 1527, garuruwan ma'adinai na arewa da Kormocbanya suka koma hannun Ferdinand, shi kuwa ya ci gaba da sarauta a gabas da goyon bayan Sulaiman har ya rasu a 1540. Wanda ke riƙe da ramin azurfa shi ke cika kasuwa da sunansa.

1 Disamba

Lissafi: kwandaloli shida 43,500. Kayan aiki, aike da gwaji 20,000. Jimla 63,500, na haura kasafin wata uku da 3,500.

Wani abin da ya fi kuɗin muhimmanci: fita da su. A dokar Hungari abin tarihi da ya haura shekara 50 ba ya barin ƙasar sai da takardar izini, kuma abin da aka tono daga ƙasa na kafin 1711 mallakar gwamnati ne, neman sa da na'urar gano ƙarfe ba izini laifi ne. Biyar daga cikin nawa suna da rasiɗi. Jabun kasuwa ba ta da shi, kuma dattijon bai faɗi inda ya samo ta ba. Na haɗa rasiɗan da hotuna da nauyi a fayil ɗaya don neman izini tun kafin lokacin komawa gida ya matso. In aka ce jabun ba za ta fita ba, zan miƙa ta ga gidan tarihi. Daga yau ba na sayen abin da ba takarda.

8 Disamba

Ba saye wannan watan, kuɗin na Szapolyai ne. Na bar wa shaguna biyu saƙo cewa ina neman mai matsakaicin kyau, ko gefe ya ɗan ci, in dai kyarkecin da haruffan ma'aikata sun fito, kada ta wuce 30,000. Bayan ita sai obulus ɗaya na Matyas, da denar mai N ta Nagybanya don kada tarin ya zama na Kormocbanya kaɗai. Garas sai an ga yadda bazara ta kasance.

In hutun ƙarshen zango ya ba da dama zan hau jirgin ƙasa zuwa Kremnica ta Zvolen, in ga gidan tarihin kuɗi da ke dandalin garin. Abin da nake son dubawa a can shi ne denar ɗin Matyas masu K da aka buga da kyau, in gwada da hoton tawa ko zan gane harafi na biyun.